Baƙon da Ba Ya Sallama: Tallan Talabijin a Gidajen Ƙauyen Alu

Da yammacin wata Alhamis, bayan an idar da sallar La'asar, ina zaune a kan bencin wani shagon kayan masarufi a Ƙauyen Alu sai ga wata yarinya da ba za ta wuce shekara bakwai ba, kuɗi a dunƙule a hannunta, an aiko ta sayen omo da magi. Mai shagon bai tambaye ta wane iri ba. Ya miƙa hannu ya yanko mata ledar Viva, garin sabulun da kamfanin Aspira ke yi a nan Kano, ya ƙirgo mata dunƙule huɗu na wani kamfanin da babu abin da ya haɗa shi da Maggi, ya ƙulle a baƙar leda. Yarinya ta karɓa ta juya da gudu. A wurinta an ba ta abin da aka aiko ta, kuma na tabbata mahaifiyarta ma ba za ta dawo da saƙon ba.

Omo sunan hajar kamfani guda ne, wato Unilever, Maggi kuma na Nestlé ne. Amma a bakin Bakano duk garin sabulun wanki omo ne, duk dunƙulen miya magi ne, har ga farin magi ma an samu. Man goge baki makilin ne ko wane ne ya yi shi, ganyen shayi lifton, man shafawa basilin, taliyar mai shayi indomi. Babu malamin makarantar da ya koyar da waɗannan sunaye. Wani ɓangaren aikin riga kowa zuwa kasuwa ne ya yi shi, domin wanda ya fara isowa shi ke raɗa wa abu suna. Sauran aikin kuwa na talla ne, a rediyo da allunan bakin titi, sannan a akwatin talabijin da ke tsakiyar falo.

Ƙauyen Alu dai sunan ƙauyen ne kawai ya rage mata. Tana cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Tarauni, birni ya haɗiye ta tuntuni, kuma in ka ɗaga kai za ka ga farantan kama tashoshin tauraron ɗan'adam jere a kan rufin kwano. Abin da ya sa na zaɓi wannan yanki shi ne duk masu hannu a harkar talla suna kusa da juna. Gidan talabijin na jiha, ARTV, yana Hotoro a kan titin Maiduguri. Titin Gidan Zoo, wanda ya daɗe yana zaman matattarar ofisoshin 'yan fim da ɗakunan naɗar murya, yana maƙwabtaka da Gyadi-Gyadi. Kasuwar waya ta Farm Centre ga ta nan, kasuwar Tarauni ga ta nan, tashar Unguwa Uku ga ta nan. A-daidaita-sahu ɗaya zai kai ka daga inda ake shirya talla zuwa inda ake watsa shi, ya sauke ka a shagon da ake sayar da kayan.

Kafin akwatin ya iso ma mun san talla, kuma mun iya shi. Duk wanda ya tashi a lungunan Kano ya san muryar mai ƙosai da sassafe, da ta mai dafaffiyar gyaɗa, da ta mai nono da ke leƙa zaure. Matar gida tana daga ɗaki take gane wace ce, daga yadda take jan murya, tun kafin ta fahimci kalmar da ake faɗi. Ga sanƙira a wurin ɗaurin aure, ga mai shela da ke zagaya gari da saƙon Sarki, ga maroƙin da zai ɗauki sunan mutum ya yi masa kirari har sunan ya zauna a kunnen taro. Duk dabarar da kamfanonin talla na Legas ke karɓar miliyoyi a kanta tana cikin kukan 'yar talla: magana gajeriya, kari mai daɗin ji, maimaici, da muryar da aka saba da ita.

Talabijin ta zo ta tarar da wannan. An ce tallan farko da aka biya kuɗi aka sa a talabijin na agogon Bulova ne, a birnin New York na Amurka, ranar 1 ga Yuli, 1941, kuma dala 9 aka biya. A Ingila sai a 1955 aka fara, da tallan man goge baki. Mu a nan, tashar WNTV ta Ibadan ta buɗe a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, aka haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977. Kano ta samu tata ta kanta, CTV, a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, kuma ita ce aka sa wa sunansa, ta zama ARTV, bayan rasuwarsa a 2010. A wancan zamani talabijin ɗaya ce a layi, tasha ba ta buɗewa sai da yamma, yaran unguwa kuma su cika tsakar gidan Alhajin da ya mallake ta, manya a kan kujeru, ƙanana a kan tabarma. Ba rimot, ba wata tashar kirki da za a koma. In an katse wasan kwaikwayon Samanja aka sa talla, kowa sai ya kalle shi, washegari kuma yara su rera shi a hanyar makaranta.

A nan ne nake ganin sirrin farko yake. Tallan da muke tunawa na wancan lokaci, mun kalle shi ne tare. Ba kanka kaɗai ya shiga ba, ya shiga kan abokin wasanka da yayarka da maƙwabcinku, saboda haka kullum akwai mai tuna maka. Yau ma in mutum biyu 'yan shekara hamsin suka haɗu a majalisa, ɗaya ya fara karin wani tsohon talla da hanci, ɗayan zai ƙarasa masa, su fashe da dariya, ko da kamfanin ya rufe shekara ashirin da suka wuce.

Gwamnati ma ta gane haka. A tsakiyar shekarun 1980 an yi tallan Andrew, wanda Enebeli Elebuwa ya fito a matsayin matashin da ya gaji da ƙasar zai tsere waje, sunan kuma ya bi duk mai neman ficewa na tsawon shekaru. Amma wanda ya fi taɓa gidajenmu shi ne faɗakarwar ruwan gishiri da sukari, da ta rigakafin yara, a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. An maimaita saƙon a rediyo da talabijin har ya zama tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san abin da za ta haɗa wa jikanta in gudawa ta kama shi cikin dare. Ina kawo wannan misali ne domin masu cewa talla yaudara ce zalla. Dabarar da ke sayar da alewa ita ce ta ceci rayukan yara, ya danganta da hannun da ta faɗa.

Masana halayyar ɗan'adam sun yi bincike a kan maimaici. Wani Ba'amurke mai suna Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan ganin abu kaɗai yana sa mutum ya fara son sa, ko da bai san komai a kansa ba. Bahaushe ya san wannan, shi ya sa yake kiran sabo turke. Amma ya san ɗaya gefen ma, da ya tambayi ido wa ya raina, ido ya ce wanda yake gani yau da gobe. Duk mai bibiyar fina-finai masu dogon zango ya san zafin a katse masa labari a daidai inda magana ta ɗauki zafi, a jero masa talla biyar, a dawo minti huɗu, a sake jero masa su biyar ɗin nan dai. Sunan kayan zai zauna a kansa, babu shakka, amma tare da tsaki.

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Yawancin manyan tallace-tallace a Legas ake tsara su, da Turanci ake tunanin su, sannan a ƙarshe a nemi wanda zai juya su zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo. Sau da yawa abin da ke iso mana Turanci ne sanye da babbar riga. Leɓen mai magana yana tafiya gabas, muryar da aka ɗora masa tana tafiya yamma. Mai karatun ba ya bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ya kira mace da "shi", ya karya karin kalma har ma'anarta ta sauya. A falo ana dariya, ana kwaikwayonsa, to amma dariyar raini ce, kuma a ƙarƙashinta akwai jin cewa kamfanin yana son kuɗinmu bai damu ya san bakinmu ba. A 2022, hukumar ARCON mai kula da harkar talla, wadda ta gaji APCON da aka kafa tun 1988, ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasar waje a tallan Najeriya daga ranar 1 ga Oktoba. Mataki ne mai kyau. Sai dai ga kunnen matar Ƙauyen Alu, muryar da ke karanta Hausa kamar ana tauna tsakuwa ita ma baƙuwa ce, ko da mai ita ɗan ƙasa ne.

Kamfanonin da suka farga sun koma neman fuskokin da muka sani. Ali Nuhu da Sani Danja sun yi wa Glo jakadanci, kuma tun daga lokacin da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Labarina da suka tara iyali a gaban akwati a ƙayyadadden lokaci, sai aka ga tallan da aka yi tunaninsa da Hausa tun daga tushe ya ƙaru. Za ka ga tsakar gida irin tamu, da turmi da murhun gawayi, uwargida da lulluɓinta, maigida ya dawo daga kasuwa ana yi masa sannu da zuwa. Irin wannan ba ya bukatar ihu. A watan azumi abin ya fi fitowa fili, lokacin da kamfanonin kayan miya da na shayi ke ɗaukar nauyin shirye-shiryen girki da na kusa da shan ruwa. Sunan da mutum ya ji kwana talatin a jere yana jiran kiran Magariba, ga ƙamshin kunu da ƙosai a hancinsa, da wuya ya fita daga kansa.

Fitacciyar fuska tana da nata haɗarin. Wani lokaci a tuna jarumin, a tuna barkwancin, a manta kayan. Wani lokaci kuma fuskar ce saƙon gaba ɗaya. A Afrilun 2013, da aka ba masu waya damar sauya kamfani ba tare da rasa lambarsu ba, ɗan wasan barkwanci Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka kuma aka saba gani a tallan Etisalat, kwatsam sai ga shi a tallan MTN, kayansa sun rikiɗe zuwa ruwan ɗorawa yana rawa. Ba a yi dogon bayani ba. Kowa ya gane, kuma har yau masu harkar talla a ƙasar nan suna kafa misali da shi. Shi kuwa tallan MTN da aka sani da Mama Na Boy, wanda wani magidanci ke bugo wa mahaifiyarsa waya a ƙauye da albishir ɗin haihuwar ɗa namiji, gari ya ruɗe da murna, ya shiga zukata sosai, amma ƙungiyoyin mata suka koka cewa yana fifita ɗa namiji a kan 'ya mace, har aka janye shi. Talla ɗaya, wasu suna tuna shi da murmushi, wasu da ciwon rai.

Wannan ya kawo ni ga kunya. Talabijin a gidan Bahaushe ba ta mutum ɗaya ba ce. Uba yana nan, 'ya'ya mata suna nan, wataƙila suruka ta zo kwana biyu, ga almajirin gida a bakin ƙofa. Duk baƙon da zai shigo irin wannan wuri sai ya yi sallama, a ba shi izini, a kintsa. Talla ne kaɗai baƙon da ke faɗowa tsakiyar falo ba sallama. In ya zo da ladabi a saurare shi. In ya zo da rawar tsiraici, ko da bayanin maganin maza da kayan mata dalla-dalla, sai ka ga falo ya yi tsit. Maigida ya hau laluben rimot, uwargida ta tashi duba tukunyar da ba ta bukatar dubawa, budurwa ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi, ƙaramin yaro kuma ya ɗaga kai ya tambayi ma'anar kalmar da ya ji. Mutanen gidan ba za su manta wannan talla ba har abada, kuma ba za su yafe masa ba. Wanda ya shirya shi yana iya cewa ya ci nasara tunda ana maganarsa. Ni ban ga nasara a sa uba jin nauyin zama da 'ya'yansa ba.

Mafi muni shi ne tallan maganin da ke warkar da komai. Tsarinsa ɗaya ne kusan kullum, kuma na yarda an ƙware a kai. A fara da sallama da addu'a, a kawo mai magani cikin shiga ta kamala, ya lissafo cututtuka: basir, sanyi, ciwon suga, hawan jini, rashin haihuwa. Duk wanda ke zaune a falo sai ya ji an taɓa nasa ko na wani nasa. Sai a kawo masu ba da shaida, sai lambar waya tana yawo a ƙasan allo, sai a maimaita adireshi sau uku. Irin salon da motoci masu lasifika ke yi a bakin kasuwa da tasha ne aka wanke shi aka shigar da shi akwati, akwatin kuma ya ara masa mutuncin da lasifika ba ta da shi.

Na ga abin da wannan ke haifarwa a cikin gidanmu. Gwaggona ta shekara tana shan maganin ciwon suga na asibiti, jikinta lafiya lau. Wata rana na je gaishe ta na tarar da jarkoki biyu na wani baƙin ruwa a ƙarƙashin gado, ƙwayoyin asibiti kuma a cikin kwalinsu ba a taɓa ba. Na ce, "Gwaggo, wa ya ba ki wannan?" Ta ce, "Ɗan nan, ai a talabijin na gani, mutumin har da rantsuwa." Ba jahila ba ce, mace ce mai hankali da ta tarbiyyantar da gida guda. Ta gaji ne da maganin da aka ce za ta sha har ƙarshen rayuwa, sai ga wani da murya mai taushi yana cewa wata uku ya isa. Bayan 'yan makonni muka kwashe ta ranga-ranga cikin dare. Allah Ya yi da sauran kwana, ta tashi, amma idonta na hagu bai koma daidai ba. Har yau in ta ji irin wannan talla sai ta ce a kashe.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar abinci da magunguna ta ƙasa ta hana tallata wani abu a matsayin mai warkar da jerin wasu cututtuka, ciki har da ciwon suga da ciwon daji. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da ikon amincewa da tallan magani kafin a watsa shi, kuma lambar da take ba yawancin magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba ne, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Mutane ƙalilan ne suka san wannan bambanci, masu talla kuwa suna ɗaga lambar a gaban kyamara kamar shaidar waraka. Akwai hukumar NBC da ke sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin tun 1992, akwai ARCON, a Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001. Mun ga ana iya hana abu in an so: dokar 2015 ta haramta tallan taba sigari, yaran yau kuma sun tashi ba su san shi a talabijin ba. Ban ce duk mai maganin gargajiya maƙaryaci ba ne. Akwai masu gado da sani da tsoron Allah, kuma su ne suka fi cutuwa da masu ihun nan.

Na san halin da tashoshi ke ciki. Man janareto da albashi ba sa jira, manyan kamfanoni sun karkatar da kuɗin talla zuwa Facebook da YouTube da TikTok, mai magani kuwa yana zuwa da kuɗinsa a hannu. Matasan Gyadi-Gyadi da Tarauni ma yanzu a waya suke kallon fim, inda tallan filaye da makarantu da kayan gyaran jiki ke ratsa kowane zango ba mai tacewa. Amma tsofaffi da matan gida da yara, waɗanda suka fi yarda da abin da suka gani, har yanzu suna gaban akwatin nan, kuma amanar da suka ba shi ita ce jarin tashar. In ta ƙare, babu mai talla da zai saye ta ya dawo da ita.

Kirana ga shugabannin gidajen talabijin na Kano shi ne, kafin a karɓi kuɗin kowane talla a nemi takardar amincewar hukuma, sannan a tambayi kai ko za a iya kallon sa tare da mahaifi. Jaruman Kannywood da mawaƙa su riƙa bincike kafin su ara wa kaya fuskarsu, domin tsohuwar da ke Ƙauyen Alu ba kamfanin ta sani ba, su ta sani. Kamfanoni su ɗauki marubutan Hausa tun daga farkon tunani, ga su nan birjik tsakanin titin Gidan Zoo da jami'o'inmu. Kai kuma mai karatu, in ka je gaida Inna ko Baba a ƙarshen makon nan, ka duba abin da suke sha, ka tambaye su inda suka ji labarinsa.